Ka bar wayar a falo kafin ka kwanta

'Yan'uwa cikin Almasihu, salama gare ku. Ga abin da ya taimake ni, ko wani zai amfana.

Na lura jarabar ɓoye tana da lokacinta. Ni nawa bayan ƙarfe sha ɗaya na dare ne: kowa ya yi barci, fitila a kashe, hasken waya kaɗai a fuskata, yatsa na ta jan allo. Ka ce minti biyar kawai, kafin ka farga ido ya kai inda bai kamata ba. Da asuba kuma addu'a ta yi maka nauyi a baki. Wannan nauyin ya fi komai ci mini rai.

Ku duba 2 Sama'ila 11. Lokacin da sarakuna ke fita yaƙi, Dawuda ya zauna a Urushalima, yana yawo a kan rufin fada ya hango Batsheba, matar wani, har ya kai ga yin zunubi da ita. Yusufu kuwa, a Farawa 39, bai tsaya jayayya da matar Fotifar ba, ya bar rigarsa a hannunta ya fice da gudu.

Ni dai na bi sawun Yusufu. Ƙarfe goma na yi, sai in sa wayar caji a falo. Na sayi ƙaramin agogo mai ƙararrawa, don kada in fake da cewa wayar ce ke tashe ni. A gefen gado, Littafi Mai Tsarki na takarda kawai.

Sannan, bisa ga Yakubu 5:16, na faɗa wa wani dattijo amintacce gaskiyata. Ranar farko muryata har rawa take. Yanzu duk Lahadi bayan sujada yakan tambaye ni yadda makon ya wuce, mu yi addu'a tare.