Mai ƙwannafi, ga yadda za ka yi da bekin soda

Ni ba na cikin masu cewa kada a taɓa bekin soda sam, wato farar hodar nan da ake sa wa a kwaɓin fulawa don ya tashi. Idan ƙwannafi ya taso wa mutum cikin dare, takan kwantar da shi nan take. Masu ba ni damuwa su ne waɗanda suka mayar da ita abin sha na kullum, safe da yamma, wata da watanni.

Idan za ka sha, rabin ƙaramin cokali ya isa, a cikin rabin kofin ruwa, ka motsa har ta narke sarai. Kada ka sha bayan ka cika ciki taf, domin da ta haɗu da asid ɗin ciki sai ta saki iska mai yawa, kuma an samu waɗanda tumbinsu ya tsage ta haka. In kana shan wani magani, bar aƙalla awa 2 a tsakaninsu, don tana iya hana shi aiki yadda ya kamata.

Babbar matsalar dai sodiyam ce, sinadarin nan na gishiri. Wannan rabin cokalin yana ɗauke da kusan miligiram 600. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cewa ta yi babba kada ya kai 2,000 a yini. Ka sha sau uku, ka kusa cinye rabonka, ba a ma zo maganar gishirin abinci ba. Daga nan jiki ya fara riƙe ruwa, ƙafafu su kumbura, jini ya hau. In abin ya daɗe, ma'aunin asid na jini yana karkacewa, fotasiyam, sinadarin da tsoka da zuciya ke buƙata, ya ragu, sai kasala, ɗaurewar tsoka, wani lokaci bugun zuciya ya rikice. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya ko ƙoda, mai juna biyu, ku bar ta sai da izinin likita. Yara kuma kada a ba su.

Mako 2 ne iyaka. Ƙwannafin da ya wuce haka yana da dalili, wataƙila gyambon ciki ne, wanda sau da yawa ƙwayar cutar H. pylori ke kawowa, ana kuma gano ta da gwaji a kashe ta da magani. In ka ga baƙin bayan gida, aman jini, rama ko wahalar haɗiya, kada ma ka jira makon biyun, tafi asibiti a ranar.