Yadda za ka gane ciwon da ke ruɓar da nama tun bai ci ƙafa ba

Jama'a wannan ciwon da likitoci ke ce ma gangaren mai iska ba irin gyambon da muka saba ba ne wanda ke ɗaukar wata da watanni, shi a kwana ɗaya ma yana iya kai mutum lahira. Ƙwayar cutar da ta fi kawo shi sunanta Clostridium perfringens, tana cikin ƙasa da kashin dabbobi, kuma ba ta son iskar da muke shaƙa, shi ya sa take samun wurin zama cikin rauni mai zurfi inda nama ya daddatse jini bai kai wa.

Da farko ka tambayi kanka ta yaya aka ji ciwon. Faɗuwa da moto a hanyar Tawa zuwa Ƙonni ƙashi ya hudo fata ƙasa ta shiga, ko amalanke ta taka ƙafa, ko ƙarfe ya soki mutum a garke, duk waɗannan sai a sa ido, balle mai ciwon sukari.

Na biyu, kuma nan ne mutane ke yin sake, ka saurari zafin. Raunin ƙarami a ido amma mutum na kuka kamar ana yanka shi, zafin na ƙaruwa awa bayan awa, to wallahi kada a ce raki ne. Daga nan wurin ya kumbura, fata ta koɗe, ta koma kalar tagulla sannan baƙi-baƙi, bororo su fito da ruwa mai wari, in ka danna a hankali ka ji ƙaras-ƙaras ƙarƙashin fata, iskar da ƙwayar ke fitarwa kenan. Ga zazzaɓi, zuciya na bugawa da sauri.

Na uku, a wanke raunin da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe da ƙyalle mai tsabta, ban da toka, ban da kashin shanu, kuma ƙashin da ya fito waje ba na maɗori ba ne, ɗaurin kara mai tsauri hana jini kaiwa ga naman kawai yake yi.

Sai a kama hanyar babbar likita ko da tsakar dare ne. Can za su yanke naman da ya mutu, su sa magungunan kashe ƙwayar cuta, penisilin da kilindamisin, ta jijiya, a yi allurar tetanus. In an makara dole a yanke ƙafar don a ceci rai, maganin ƙwaya na bakin kasuwa ba ya isa naman da jini ya daina zuwa.