Darasi na Shida: Naman Kaza Mai Fitowa a Jikin Itace

Idan ruwa ya jera kwana biyu yana sauka, ku duba jikin tsohon kututture ko gindin itacen da ya fara bushewa. Sau da yawa za ku tarar naman kaza ya fito, wani a jere kamar kunnuwa, wani a dunƙule. Akwai wanda ake ci a cikinsu, akwai kuma wanda loma ɗaya tasa kan kai mutum kabari.

Abin da ido yake gani a waje 'ya'ya ne kawai. Uwar tana can cikin katako, wasu siraran zaruruwa farare masu kama da auduga. Ku ɓamɓare ɓawon ruɓaɓɓen kututture, za ku gan su shimfiɗe. Su ne ke cin itacen a hankali, wani lokaci shekaru da yawa kafin naman kazan ya leƙo waje.

Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi ci shi ne mai siffar mafici, wanda masana ke kira Pleurotus. Fari ne ko ruwan toka, yana fitowa ɗaya bisa ɗaya a jikin mataccen itace. Ku juya shi ku duba ƙasansa: akwai layi-layi masu laushi kamar shafukan littafi, suna gangarowa har jikin ƙafarsa, ƙafar kuma gajera ce, ta karkata gefe ɗaya. Na biyu shi ne Laetiporus, mai ruwan lemo a sama, rawaya a ƙasa. Shi ba shi da layi-layi, sai ƙananan ramuka kamar na soso. Sabon fitowa mai taushi ake ci, bayan an dafa shi ya dahu sosai, kuma duk da haka wasu yana ɓata musu ciki. Mai ci karo na farko ya ɗanɗana kaɗan, ya jira kwana guda.

A kan na uku nake so mu daɗe. Sunansa Armillaria, launinsa ruwan zuma, yana fitowa cunkus a gindin itace, da ɗan zobe a wuyan ƙafarsa. Ana cin sa idan ya dahu, amma ni ba na ba sabon koyo shawarar ya taɓa shi. Dalili kuwa, akwai wani ƙaramin naman kaza mai suna Galerina da ke fitowa a ruɓaɓɓen katako, shi ma ruwan ƙasa-ƙasa, shi ma da zobe. Dafinsa hanta yake lalatawa. Muguntar abin, wanda ya ci ba ya jin komai nan take. Sai bayan awa 6 zuwa 24 amai da gudawa su taso, su lafa kamar an warke, alhali hanta na can tana lalacewa. Duk wanda ya ci naman kaza ya fara amai, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba, a riƙe ragowar abin da ya ci don likita ya gani.

Kada ku yarda da maganar cewa dafuwa tana kashe dafin. Wannan dafi ko an tafasa, ko an soya, ko an shanya, yana nan. Haka ganin tsutsa ko wata dabba ta ci ba shaida ba ce, don cikinsu ba irin namu ba ne.

To mene ne amfanin itace da waɗannan baƙi? Ga mataccen itace, aikin alheri suke yi, suna ruɓar da shi ya koma taki. Ga mai rai kuwa labari ya sha bamban. Suna shiga ta inda aka ji wa itace ciwo, saran gatari ko ƙunar wuta ko reshen da ya karye. Laetiporus zuciyar itace yake ci, ya bar ta ja-ja tana farfashewa gutsi-gutsi kamar gawayi. Itacen zai ci gaba da ganye kore shar, saboda ruwa ta kusa da ɓawo yake hawa, amma ciki ya zama kogo. Ranar da iska mai ƙarfi ta zo, sai ya faɗi. Shi ya sa idan kun ga naman kaza a gindin babban itacen da ke kusa da ɗaki ko wurin zaman mutane, ku kira ma'aikacin gandun daji ya duba. Tsinke naman kazan ba ya warkar da itacen, tunda uwar na ciki.

Armillaria shi kam kashewa yake yi. Yana kama saiwa, yana miƙa baƙaƙen igiyoyi kamar igiyar takalmi ta ƙarƙashin ƙasa daga wannan itace zuwa wancan. A dajin Malheur da ke jihar Oregon ta Amurka akwai guda ɗaya da ya mamaye fili fiye da murabba'in kilomita 9.

Aikin wannan mako: ku samo naman kaza ɗaya daga jikin itace, ku yanke ƙafarsa, ku kifa hular a kan takarda mai rabi fari rabi baƙi, ku rufe da kofi har safe. Za ku ga gari mai laushi ya zuba, irinsa ke nan. Na Pleurotus da Armillaria fari ne, na Galerina kuwa ruwan tsatsa. Ku wanke hannu, ku rubuta launin da kuka gani da irin itacen da kuka samo shi, ku zo da takardar aji. Kada kowa ya kai shi baki sai wanda ya ƙware ya riƙe shi a hannu ya tabbatar.