In garma ta tono maka tsohuwar tukunya

Jama'a, musamman masu noma wajen Kufena da Turunku a jihar Kaduna: in garma ta fito da tsohuwar tukunya, katanga ko kashin maƙera (dattin da ke saura in an narka ƙarfe), don Allah kada a ciro. Zurfin da abin yake kwance da ƙasar da ta rufe shi su ke nuna shekarunsa; da an ɗaga, wannan shaidar ta tafi. Ka ɗauki hoto da waya, ka ajiye biro a gefe don a gane girmansa, ka mayar da ƙasa a hankali. Kada ma ka wanke. Sai ka sanar da mai unguwa da malaman ilimin kufai (masu binciken kayan tarihin da ke binne a ƙasa) na Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru.

Masu ɗibar ƙasar ganuwa kuma, wallahi abin na ci min rai. In ka ga ana lodi, a gaya wa hakimi ranar.