Yadda Ake Zanen Katangar Titi Ya Daɗe Bai Ɓare Ba

Yawancin zanen bango da ke ɓarewa bayan damina ɗaya, laifin katangar ne, ba na mai zanen ba. Don haka aikin daga jikin bango yake farawa.

Kafin komai a nemi izinin mai katanga a rubuce, a sanar da mai unguwa. Idan bangon gwamnati ne ko na gada, sai an bi ta hukumar tsara birni, kamar KNUPDA a Kano.

Sabon filasta na siminti a bar shi kwana 28 kafin fenti ya hau, in ba haka ba kaifin simintin zai cinye launin. Tsohon bango kuwa a gwada shi: a manna leda da salatif, a bar ta kwana ɗaya. In an ga gumi a ƙarƙashinta, bangon yana da danshi, mai yiwuwa yana shan ruwa daga ƙasa, shi ke kawo farin gishirin nan da ke tura fenti waje. Sai a gyara magudanar ruwa tukuna, ko a ɗaga zanen sama da kamar rabin mita. A lura da bangon da ke kallon gabas, don daga can hadari ya fi tasowa. Maginan gargajiya na Zariya da Damagaram sun san haka tun zamanin yaɓen makuba.

A kankare, a wanke, a cike tsagu, a shafa fentin shimfiɗa. Fentin ruwa na akirilik wanda aka yi don waje ya fi fentin mai, domin yana barin danshi ya fita. Lita ɗaya tana rufe murabba'in mita 6 zuwa 8 a filasta mai kaushi, ke nan bango mai mita 10 da 3 zai ci kusan lita 10 a shafi biyu. Launin jar ƙasa da ruwan ƙasa sun fi jure rana, ja mai haske shi ke fara koɗewa.

A raba zanen gida-gida a takarda, a buga layuka a bango da zare da alli, kowane gida santimita 50, a kwafa ɗaya bayan ɗaya. Dagi musamman ba ya son kuskuren awo, karkata kaɗan ido ya gano.

Lokacin da ya fi shi ne bayan ɗaukewar ruwa, kafin hazo ya yi ƙarfi, kuma da safe. Bango mai zafi yana busar da fenti kafin ya kama. Ayar Alƙur'ani kuwa kada a rubuta ta a bangon da ke bakin kwata ko inda ake tsugunawa.