Yadda Ake Shawagi da Riga Mai Fukafukai: Kaya, Fita Daga Jirgi da Buɗe Laima

Riga mai fukafukai ana ɗinka ta ne da yadin nailan mai ƙarfi, ninki biyu. Fukafukanta uku ne: ɗaya a ƙarƙashin kowane hannu zuwa gefen jiki, na ukun kuma tsakanin ƙafafu. Akwai 'yan kafofi da iska ke shiga ta cikinsu, da zarar an fita daga jirgi sai yadin ya kumbura ya yi tauri. Wanda ya diro ba tare da ita ba yana faɗowa da gudun kusan kilomita 200 a awa. Mai rigar kuwa yakan rage faɗuwar zuwa tsakanin 60 da 100, ragowar ƙarfin ya koma tafiya gaba. Ƙwararre cikin babbar riga yana iya cin mita 3 gaba a duk mita 1 da ya sauko.

Shawagin kansa ba shi da wuyar koyo ga wanda ya riga ya iya dirowa. Matsalar tana wani wuri: rigar tana ɗaure maka hannuwa da ƙafafu, gaɓoɓin da ka saba kare kanka da su. Shi ya sa haɗarin ya taru a wurare uku, wato lokacin sa kaya, bakin ƙofar jirgi, da lokacin buɗe laima.

Kafin ka taɓa rigar

Ƙungiyar masu dirowa da laima ta Amurka, USPA, ba ta yarda kowa ya sa wannan riga ba sai ya cika dirowa 200. Masu koyarwa da yawa suna so a ce an yi su cikin watanni 18 da suka gabata, domin ƙwarewar da ta kwana biyu ba a motsa ta ba ba abin dogaro ba ce. A cikin waɗannan dirowa ka ba da ƙarfi ga miƙe jiki kana gudu gaba ba tare da riga ba, da iya gane inda filin sauka yake daga sama, da buɗe laima jiki a daidaice. Sannan ka nemi malami ya yi maka darasin shawagin farko, a ƙasa tukuna, kafin jirgi. Wannan rubutu ba zai tsaya a madadinsa ba.

Kayan aiki

Fara da ƙaramar riga ta masu koyo. Kamfanoni irin su Phoenix-Fly da Squirrel da TonySuits duk suna yin ta. Ƙaramin fiffike ba ya rufe maka hanyar kai hannu baya, kuma in ka rikice a iska yana da sauƙin murƙushewa. Babbar riga a jikin sabon shiga ita ke tuƙa shi, ba shi ke tuƙa ta ba.

Babbar laimarka ta zama mai sanyin hali, mai kusurwa huɗu, an fi son mai ɗaki bakwai, wato wadda aka raba cikinta gida bakwai da iska ke cikawa. Ka ajiye laima mai tsinin gefe da ke juyawa da ɗan motsi. Dalili shi ne murɗewar igiyoyi ruwan dare ce a wannan wasa. Laima mai sanyi za ta ci gaba da tafiya a miƙe har ka warware, mai zafi kuwa sai ta kifa kai ƙasa tana juyi da kai, hannuwanka kuma suna cikin zif. Kada nauyin da ke kan babbar laimarka ya wuce fam 1.3 a kowace ƙafa murabba'i. Misali, in kai da kayanka kun kai kilo 90, wato kusan fam 200, laima mai faɗin ƙafa murabba'i 170 ta yi maka daidai.

Sai 'yar laimar da ake jefawa ta janyo babbar. Dole ta kasance a aljihun gindin jakar baya, mai jefawa da hannu. Wadda ke aljihun cinya ba ta yi ba, haka mai sifirin a kan babbar laima, haka wadda ake tsuke ta da roba, domin robar an auna ta ne da iskar faɗuwa mai ƙarfi, a iskar mai riga tana iya ƙin buɗewa. Igiyar da ta haɗa ta da jaka ta kai ƙafa 8 zuwa 9. Ga dalili: faɗin rigar yana barin wani fili a bayanka inda iska ke mutuwa tana kewayawa. 'Yar laimar da gajeriyar igiya ta riƙe tana iya faɗawa cikin wannan fili ta kwanta a gadon bayanka tana rawa, ba ta ja komai ba, ƙasa kuma tana matsowa.

Laimar ko-ta-kwana ba a maganar barinta. A Amurka doka ta ce mai lasisi ya sake naɗe ta duk kwana 180. Na'urar da ke buɗe ta da kanta in mutum ya suma, irin su Cypres da Vigil, tana da wani gibi da ya kamata ka sani. Cypres ta ƙwararru tana harbawa ne a wajen mita 225 daga ƙasa in gudun faɗuwa ya wuce mita 35 a daƙiƙa. Mai riga yana iya isa wannan tsayi yana faɗowa ƙasa da wannan gudu, na'urar ta yi shiru. Don haka aka fito da samfuri na musamman ga masu riga, wanda ke harbawa a ƙaramin gudu. Ƙara da hular kwano, ma'aunin tsayi na gani a inda ido zai kai ba tare da ka lanƙwasa hannu ba, wani mai ƙara a cikin hula, da wuƙar ƙugiya ta yanke igiya.

Kada ka yi wa riga ko jaka gyaran kanka. Patrick de Gayardon, Bafaranshen da ya fito da rigar zamani a shekarun 1990, ya rasu a Hawaii a 1998 sanadiyyar kuskure a wani gyara da ya yi wa kayansa.

Sa kaya

Ana haɗa rigar da jakar laima tun a ƙasa, su zama abu guda. Shimfiɗa su, ka tabbata mariƙin sakin babbar laima da ke dama da mariƙin ko-ta-kwana da ke hagu duk sun fito waje ta ramukansu, zif bai danne su ba, yadi ba zai haɗiye su ba in ka ɗaga hannu.

Yanzu ga wurin da ya fi kowane buƙatar natsuwa. Madauran cinya suna shigewa cikin rigar, da an ja zif ba mai ganinsu. Rigar kuma tana kama jiki sosai, har mutum ya ji kamar a ɗaure yake alhali ƙafarsa ba ta shiga madauri ba. An yi asarar rayuka ta wannan hanya: laima ta buɗe, mutum ya zame ya fita daga kayansa. Saboda haka ka zura ƙafa cikin madaurin cinya kafin ka zura ta cikin ƙafar riga, ka tsuke duka biyun daidai da juna, ka sa wani ya gani da idonsa kafin ka rufe zif. Bayan ka rufe, ɗaga kafaɗunka sama da ƙarfi. In a ɗaure kake za ka ji madauran sun ja ka a cinya. Maimaita wannan kafin shiga jirgi, da kuma kafin a buɗe ƙofa. Madaurin ƙirji shi ma a duba zararsa. Daga nan ka kai hannu ga mariƙin 'yar laima sau da yawa, fiffike a rufe, har hannun ya san hanya.

Bakin ƙofa

Sanar da matuƙin jirgi cewa akwai mai riga, ku daidaita ɓangaren da za ka bi. Masu riga su ne na ƙarshen fita, galibi daga tsayin mita 4,000. Ka fita fukafukai a rufe: hannuwa a jiki, ƙafafu a haɗe, ƙirji ga iska, ciki a turo gaba, ido a kan jirgin. Ƙirga daƙiƙa biyu, ka ga wutsiyar jirgin ta wuce, sannan ka buɗe hannuwa da ƙafafu a hankali, lokaci guda. Wanda ya buɗe tun a ƙofa iska na iya ɗaga shi ta buga shi da wutsiya, abin da ke iya halaka shi ya kuma jefa duk wanda ke cikin jirgin cikin haɗari.

A cikin iska

Miƙe ƙafafu, yatsu a tsaye baya, kafaɗu a ɗan tanƙwaro gaba, hannuwa ƙasa da layin kafaɗa kaɗan, kai a layi ɗaya da kashin baya. Kada ka ƙanƙame jiki. Juyawa ba ta son ƙarfi: kalli inda kake so, ka ɗan sauke kafaɗar wannan gefen. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaga kai da ƙirji don a daɗe a sama. Gudu sai ya ragu, rigar ta fara kaɗawa tana rawa, iska ta sake ta. Maganinsa ka sunkuyar da kai ka bar gudu ya dawo.

A shawagin farko, da ka daidaita, ka taɓa mariƙin 'yar laima sau uku don gwaji. Kana kuma lura da hanya, domin a minti biyu za ka iya yin nisan kilomita da yawa. Tsarin da aka saba shi ne ka kauce daga layin jirgin zuwa gefe, sannan ka juyo ka nufi filin sauka kana tafiya a gefen layin, ba a kansa ba, saboda a can ne ɗalibai da masu dirowa bibbiyu ke rataye ƙarƙashin laimominsu, sun buɗe tun da tsayi. Kada ka shiga gajimare.

In ka kife ko ka kama juyi kamar ba za ka tsaya ba, rufe fukafukan duka, ka dunƙule, sannan ka turo ciki gaba har ka fuskanci ƙasa, ka sake buɗewa. In tsayin buɗe laima ya yi ba ka daidaita ba, jefa 'yar laimar a yadda kake.

Buɗe laima

Masu koyo suna ba da alamar cewa za su buɗe laima a tsayin ƙafa 5,500, su buɗe kafin su wuce ƙafa 5,000, wato wajen mita 1,500. Tunda hannu ba ya sakuwa, alamar ita ce buga dugadugai sau uku. Sannan ka haɗe ƙafafu, ka kai hannuwa biyu baya a tare, ko da yake dama kaɗai ke da aiki. In hannu ɗaya ya tafi ɗaya ya tsaya a buɗe, fiffiken da ya rage zai mirgina ka daidai lokacin da igiyoyi ke fita, nan murɗewa ke samo asali. Jefa 'yar laimar da ƙarfi can gefe cikin iska mai gudu, hagu ma ya yi irin motsin. Ka bar fukafukan a rufe, kafaɗu a daidaice, gwiwoyi a haɗe, har laimar ta tsayar da kai.

Da ta buɗe, duba ta, duba sararin da ke kewaye da kai, sannan ka zuge zif ɗin hannuwa. Su ne farko, domin sai da su za ka kai ga linzaman laima. Ƙafafu su biyo baya, ka cire takalman rigar, wato ƙarshenta da ke rufe takalminka, ka tattare fiffiken ƙasa don ka iya gudu wajen sauka. In igiyoyi sun murɗe amma laimar tana tafiya a miƙe, zuge zif ɗin hannuwa, ka ware madauran kafaɗa da igiyoyin ke haɗe da su, ka juya jiki kamar mai warware igiyar lilo, ido a kan ma'aunin tsayi. In kuwa tana juyi da kai tana nufar ƙasa, kada ka ɓata lokaci a kan zif. An ɗinka rigar yadda za ka kai ga mariƙan biyu hannuwa a rufe: ja na dama ka saki babbar, ja na hagu ka buɗe ta ko-ta-kwana. Ka yanke tsayin da za ka ɗauki wannan mataki tun kana ƙasa.

In iska ta kai ka kan ruwa, ka zuge duk zif ɗin tun kana sama, ƙafafu musamman. Fiffiken ƙasa yana cika da ruwa ya hana ƙafa bugawa, ko gwanin iyo ba ya iya ninkaya da shi a rufe.