Ɗalibai masu zuwa koyon aikin kare haƙƙin ɗan Adam, ga inda kuke tuntuɓe

Duk zangon da aka turo mana ɗalibai koyon aiki a nan Bauchi, fuskoki ne kawai ke canzawa, kuskuren iri ɗaya ne. Na gaji da maimaita magana, shi ya sa na rubuta.

Babban cikinsu shi ne alkawari. Ni ma da shi na fara. Ina ɗalibi, sati na biyu da zuwa, wata dattijuwa ta zo daga wani ƙauye ta hanyar Ningi, an tsare ɗanta kwana tara a caji ofis kan rigimar babur. Ni kuwa a lokacin kaina cike yake da sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999: in akwai kotu cikin nisan kilomita 40, a gurfanar da wanda aka kama cikin kwana ɗaya. Sai na buga ƙirji na ce, "Inna, kwantar da hankalinki, gobe war haka yana gida." Ta yi ta sa mini albarka har na ji kamar ni ne alƙalin. Sati uku aka yi kafin ya fito. Kusan kullum sai ta biya kuɗin mota ta zo, ta zauna a kan bencin ƙofar ofis da ƙullin goronta, ni kuma ina zagayawa ta ƙofar baya. Ranar da muka yi kiciɓis ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Ɗana, da ba ka ce gobe ba, da ban sayar da akuyata don kuɗin mota ba." Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Tun daga ranar na cire "gobe" daga bakina. Abin da zan yi nake faɗa: zan rubuta koke yau, zan kai wa lauyanmu, zan kira ki ranar Alhamis ko da babu labari. Kuma ina kira.

Na biyu waya ce, kuma a nan ba na sassauci. Wai yarinya ta zo da ƙorafin cin zarafi, ke kuma ki ɗauki hoto da ita ki ɗora a WhatsApp don ƙawaye su ga kina aiki! An taɓa yi mana haka. Kafin la'asar hoton ya kai gidansu, washegari uwar ta zo ta janye ƙarar, ba mu sake ganinsu ba. Bauchi fa ba ta da girman da kuke zato. Wanda ke kusa da ke a Keke Napep daga Wunti zuwa Yelwa yana iya zama kawun wanda ake ƙara. Akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023, amma ni ba na jiran doka. Waya a aljihun tebur take kwana in ana sauraron mai ƙorafi, kuma ko a littafin da za ka kai makaranta a sa hannu, ban yarda ka rubuta sunan kowa ba.

Sauran ƙanana ne. Daina zuba wa mutumin ƙauye Turanci, ba jarrabawa yake yi maka ba. Kada ka tambayi mace "me ya kai ki can?", wannan tuhuma ce. Ka san beli kyauta ne, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin ɗan'uwansa, amma ka faɗa wa 'yan sanda a caji ofis cikin ladabi, domin in ka ɗaga murya kai za ka koma gida, wanda ke ciki shi zai kwana da fushin da ka tayar.

Sannan ba kowace matsala ce tamu ba. Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai hukumar ba da tallafin shari'a da ta wanzu tun 1976, ga kuma hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa da aka kafa a 1995. Ka rubuta masa inda zai je a takarda, in da hali ka raka shi har bakin ƙofa.